Jarin dala da littafin bashin Singa: yadda ta kasance da wata manhaja a Kano

Aikina lissafi ne. Shekara da shekaru ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa littattafansu a Singa da Kantin Kwari, in tattara rasit, in fitar musu da abin da ya shiga da abin da ya fita, idan shekara ta zagayo mu zauna a ƙirga kaya a fitar da zakka. Ta nan na shiga cikin lamarin da zan ba da labarinsa: wani ƙaramin kamfanin fasaha da ɗan yayata ya kafa shi da abokinsa a nan Kano, ya karɓi jarin dala daga Legas, ya kai bakin kabari, yanzu kuma yana rayuwa da wata sana'ar da ba don ita aka kafa shi ba. Ni na riƙe musu lissafi tun ranar farko. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi adadin kuɗin da aka zuba ba, domin amana ce. Amma yadda abin ya gudana ya kamata a sani, saboda matasa da yawa a garin nan sun kama hanyar da waɗannan yaran suka bi.

Mafarin abin

Mahaifin abokin nasa yana cikin waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye wa shago. Kaya sun ƙone, amma abin da ya fi karya dattijon shi ne littafin bashi, wanda ya tafi tare da su. Masu tsoron Allah suka zo da ƙafarsu suka biya. Wasu suka ce sun manta adadin. Wasu ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Yaron yana farkon karatunsa na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero a lokacin, abin kuwa ya tsaya masa a rai.

A 2021, bayan sun gama bautar ƙasa, shi da ɗan nawa suka zauna a wani ɗaki a gidan yayata da ke Gwammaja suka haɗa manhajar. Ba ta da wuyar ganewa. Ka rubuta sunan wanda ya ɗauki kaya, da kuɗinsu, da ranar da ya yi alkawarin biya. Bayanin ya tafi ya zauna a intanet, ko waya ta ɓata ko shago ya ƙone yana nan. Idan ranar biya ta yi, manhajar da kanta za ta tura wa mai bashin saƙon tunatarwa.

Lokacin ma ya yi kama da ya zo musu daidai. A watan Oktoba 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet wanda wasu matasa biyu suka kafa a Legas, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. A Maris 2021 darajar Flutterwave, wani kamfanin mai irin wannan sana'a, ta wuce dala biliyan 1. Kuɗin ruwa a Amurka ya sauko har ya kusa sifiri, masu dukiya a can suna ta neman inda kuɗinsu zai haihu, wani kaso ya gangaro Najeriya. Ita kanta dabarar littafin bashi a waya ana yayinta: Khatabook a Indiya, BukuWarung a Indunusiya, Kippa a Legas, duk sun samu masu zuba jari. Sai ga samari biyu daga Kano, cibiyar kasuwancin Arewa, suna cewa ga tasu su ma, kuma da Hausa take magana.

Tayi biyu

A farkon 2022 tayi biyu suka zo musu kusan a jere.

Na farko ni na haɗa. Akwai wani babban ɗan sari a Singa, mai sukari da taliya da man girki, wanda na fi shekara goma ina yi wa lissafi. Na kai masa su bayan La'asar, muka zauna a benci a bakin sito, 'yan dako suna wucewa da katan a ka. Suka nuna masa wayar, suka yi bayani, ya saurara har suka kai aya.

"To samari, na ji. In na ba ku kuɗin nan, me za ku saro?"

Ɗan nawa ya ce, "Alhaji, ba sari za mu yi ba. Ma'aikata za mu ɗauka, mu yi talla, mu biya kuɗin ajiyar bayanai."

"To idan Sha'aban ya kama, Malam ya zo da littafinsa, me za mu ƙirga?"

"Yawan masu amfani da manhajar, Alhaji."

"Su nawa za su riƙa biya?"

"Da farko kyauta za mu ba su."

Alhaji ya daɗe yana jan carbinsa. Daga nan ya ce zai ba su abin da zai riƙe su biyu da ma'aikaci ɗaya na shekara guda, riba a raba biyu, da sharaɗin su fara da shagonsa da kwastomominsa, kuma tun watan farko a riƙa karɓar kuɗi ko da naira ɗari biyar ce.

Tayi na biyu daga wani asusun zuba jari na Legas ya zo, bayan sun ga yaran a wata gasar masu sababbin kamfanoni. Kuɗinsu ya ninka na Alhaji kusan sau biyar, kuma dala ce. Takardar da suka kawo ita ce wadda ake kira SAFE, wadda Y Combinator, wani kamfanin Amurka mai rainon sababbin kamfanoni, ya fito da ita a 2013. Ba rance ba ce, ba ta kuma zama hannun jari nan take. Alkawari ne cewa ranar da wani babban mai zuba jari ya shigo, ko aka sayar da kamfanin, kuɗinsu zai rikiɗe ya zama hannun jari a farashi mai rangwame. Sharuɗɗan: a yi wa uwar kamfani rajista a jihar Delaware ta Amurka, a riƙa aika rahoto duk wata, a kuma kai wani adadi na shaguna cikin wata goma sha biyu.

Kada wani ya ɗauka Alhaji bai san kasada ba. Bakano ya san jarin kasada tun kafin a raɗa masa wannan suna. Attajiri ya ɗauki dukiyarsa ya danƙa wa wanda ya yarda da shi, ya bi ayari zuwa Gwanja saro goro, wata da watanni ba labari, ga 'yan fashi ga cuta ga koguna. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goro ya yi suna kafin gyaɗa, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa, da irin wannan tsari ya yi aiki: ya ba wakilansa kuɗi su bazu ƙauyuka su sayo. Malaman fiƙihu suna kiran wannan mudaraba, Malikawa su ce ƙiradi. Riba a raba bisa kason da aka yi yarjejeniya. In an faɗi ba tare da sakaci ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Ta wannan fuskar babu wata tazara tsakaninsa da abin da mutanen Legas suka zo da shi.

Inda suka rabu shi ne ayari yana dawowa. Ana sauke kaya, a ƙirga, kowa ya ɗauki nasa, sannan a yi shawarar tafiya ta gaba. Tambayar Alhaji ta Sha'aban ke nan. Shi kuwa asusun jarin kasada irin na zamani ba a gina shi a kan dawowar ayari ba. Kuɗin da ke cikinsa ba na masu gudanar da shi ba ne, su ma karɓowa suka yi daga wasu manya bisa alkawarin za su mayar cikin kimanin shekara 10. A al'ada sukan cire kashi 2 cikin 100 duk shekara na gudanarwa, da kashi 20 na riba in an samu. Sauran su raba wa ƙananan kamfanoni, a ce 30, suna sane sarai cewa mafi yawansu za su mutu. Fatansu ɗaya ko biyu su ninka sau hamsin ko sau ɗari, su rufe asarar sauran har a ci riba. Kuma ba sa jiran rabon ribar shekara. Kuɗinsu yana fitowa ne ranar da aka sayar da kamfanin ko aka kai shi kasuwar hannun jari, da dala. Saboda haka kamfanin da ke biyan ma'aikata goma albashi yana ajiye 'yar riba duk shekara, wanda a Singa za a ce Allah ya sa albarka, a littafinsu da shi da matacce kusan layi ɗaya suke. Ba mugunta ba ce, lissafin sana'arsu ke nan, kuma ba su ɓoye wa kowa ba.

Da ɗan nawa ya zo mini da daddare ya ce, "Kawu, wanne ka gani?" na ce su karɓi dalar. Hujjata ita ce kuɗin sun fi yawa, kuma ina tsoron Alhaji zai mayar da su yaran shago, ya riƙa aikensu banki. Na duba yawan kuɗin, ban tsaya na auna wa'adin da aka ɗaura musu a wuya ba. Har yau ina ɗaukar kasona na wannan shawara. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ƙaddamarwa, da abin da kasuwa ta ce

Suka kama ofis a titin Gidan Zoo, suka ɗauki ma'aikata, aka yi bikin ƙaddamarwa a zauren wani otal, da alluna da masu ɗaukar hoto. Kusan duk waɗanda suka cika zauren 'yan boko ne da ɗalibai. 'Yan kasuwar da aka gayyata suna can suna ciniki, domin da hantsi aka sa taron. Sannan aka ɗebi matasa aka baza su Singa da Kwari da Ƙofar Wambai da Sabon Gari, duk shagon da mutum ya yi wa rajista a ba shi kamasho. Adadi ya yi ta hawa, rahoton wata-wata ya yi kyau, mutanen Legas suna yabo.

Ni ne mai biyan kamashon, don haka ni na fara ganin ɓarakar. Na sa aka fitar mini da jerin shagunan da suka sake buɗe manhajar bayan ranar rajista, na gwada da jerin waɗanda muka biya kuɗi a kansu. Ko ɗaya cikin goma ba su kai ba. Ɗan kasuwa ya ga yaro ya sha rana, ya miƙa masa waya don ya samu na abinci, yaro na juya baya shi ke nan.

Da muka bi sawu, dalilan duk suna nan a gabanmu, abubuwan da ni kaina na sani amma ban taɓa haɗa su da manhajar ba. Mai shago ba shi ke rubutu ba, yaronsa ne, wayar kuma ta yaron ce, ranar da aka sallame shi ya tafi da ita. Manhajar tana neman cikakken suna da lambar waya da ranar biya, alhali a littafin Singa abin da za ka gani shi ne "na Azare", "mai jar hula", "ɗan gidan Hajiya". Ranar biya kuwa "bayan kaka" ce, ko "in ya dawo". Wasu kuma suka ce kai tsaye ba za su zuba sirrin cinikinsu a inda ba su san wa ke gani ba, yau ka rubuta gobe ma'aikatan haraji su zo da takarda.

Babban kuskuren ya fi wannan zurfi. Yaran sun ɗauki bashi a matsayin rami da ake so a cike. A kasuwar sari kuwa bashi igiya ce. Kwastoma ya kawo rabin na baya, ya ɗauki sabon kaya, lissafi ya ci gaba, kuma ba a so ya rufe, domin ranar da ya biya duka ya zama ɗan kansa, yana iya tsallakawa layi na gaba. Manhajar kuwa da zarar rana ta wuce sai ta shafa wa sunan mutum ja, kamar wanda ya yi laifi.

Sai maganar saƙon tunatarwa. Akwai wani ɗan kasuwa cikin waɗanda nake yi wa aiki, ni na lallaɓe shi ya gwada, ya kuwa sa yaronsa ya shigar da manyan kwastomominsa. Cikinsu har da wani dattijo daga Azare da suke hulɗa tun zamanin mahaifinsa. Rana ta cika, saƙo ya tafi. Wayar tana hannun ɗan dattijon, shi kuma ya karanta masa da ƙarfi a majalisa, gaban mutane: ana tunatar da kai bashin kaza, wa'adi ya wuce. Bayan kwana biyu sai ga dattijon a Singa da kuɗi a leda. Ina shagon a ranar. Bai zauna ba, bai karɓi ruwan da aka miƙa masa ba. Ya ƙirga kuɗin a kan teburi har naira ta ƙarshe.

"Alhaji, ga kuɗinka. Ban san abin ya kai ka haɗa ni da na'ura ba."

Ya fita, muna kallo ya shiga wani shago a layin gaba. Mai shagon ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka kawo mini yaran nan. Shekara ashirin ban taɓa tambayar mutumin nan kuɗi da bakina ba."

Gaskiya ya faɗa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa ake rufa wa juna asiri a kansa. Idan kana son tuna wa irin wannan mutum, kiransa za ka yi ka tambayi iyali da damina, ka ce sabon kaya ya iso. Ya gane, kai ma ka san ya gane. Kafin mako ya fita labarin ya zagaye layin.

Yaran suka ce za su kashe saƙon. A nan ne kuɗin da suka ci ya fara magana. Kowane saƙo yana ɗauke da mahaɗin sauke manhajar, watau shi ne tallan da ba a biya, kuma a kansa aka gina hasashen yaɗuwar da aka nuna wa masu jari. Aka ba su shawara daga Legas cewa su tausasa kalmomin kawai. Suka ƙara "don Allah" da "muna godiya", suka bar shi yana tafiya har wata uku, alhali su da kansu sun san ba kalmomin ne matsalar ba.

Shekarar da komai ya haɗu

A farkon 2023 canjin takardun naira ya jefa ƙasa cikin ƙarancin tsabar kuɗi. 'Yan kasuwar da suka rantse ba za su taɓa karɓar taransifa ba suka karɓa dole, na'urorin Moniepoint da OPay suka cika shaguna. Wannan ya rushe zancen da wasu ke yi cewa Bakano ba ya son fasaha. Cikin makonni kaɗan dattijan da ba su taɓa buɗe manhaja ba suka koyi duba alat, har suna gane na bogi, domin abin ya taɓa cinikinsu na ranar. Tamu ce dai ba su ga abin da za ta tsinana musu ba.

A daidai lokacin masu jari suka buɗe shafi na biyu na shirin, wanda dama yana cikin takardun tun farko. Littafin bashi kyauta ƙugiya ce kawai. Idan ka san cinikin shago, ka san nawa zai iya biya, sai ka ba shi rance da ruwa, daga nan ribar take. A Kano wannan ƙofa a rufe take ga yawancin 'yan kasuwar da muke nema, kuma ba sabon abu ba ne: bankin Jaiz, mai aiki ba da kuɗin ruwa ba, da ya fara aiki a 2012, Kano na cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe, saboda ya san inda masu gudun kuɗin ruwa suke. Abokin ɗan nawa ya kawo shawarar murabaha, a sayi kaya a sayar wa mai shago da ƙarin riba sananniya. Da na zauna na lissafa sai na ga hakan na buƙatar sito da motoci da jari mai nauyi, sannan ka shiga gasa da manyan 'yan sari waɗanda dama suna ba da kaya bashi ba tare da cike takarda ko ɗaya ba. Ɗan nawa ya ce shi ba zai ba da kuɗi da ruwa ba ko kamfanin zai rufe. Aka tsaya cirko-cirko.

Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin fetur ɗin janareta ya kusa ninkawa uku. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, a Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin ajiyar bayanai da dala muke biya, haka kuɗin riƙe rajistar Delaware duk shekara. Can Amurka kuma tun Maris 2022 ake ta ɗaga kuɗin ruwa har ya haura kashi 5 cikin 100, masu dukiya suka ga ba sai sun yi kasada a Afirka ba. Zagaye na biyu na jari, wanda aka gina komai a kan zuwansa, bai zo ba. Mun sa rai da dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoba 2022, mai tanadin rajista ta musamman ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, da sassaucin haraji da asusun tallafi. Doka ce mai amfani, sai dai wanda albashin wata biyu ya rage masa ba shi da halin jira.

Ni na rubuta jerin albashi na ƙarshe. Aka sallami kowa sai mutum biyu, aka mayar da mukullin ofis. Abokin ya samu aiki da wani kamfanin Turai yana yi daga gida, suka rabu ba tare da faɗa ba, hannun jarinsa na nan.

Komawa benci

Abin da ɗan nawa ya yi bayan nan shi ne abin da ya kamata a fara da shi. Ya koma wurin Alhaji ya durƙusa ya ce, "Alhaji, kasuwa na zo koya." Alhaji bai tayar da maganar baya ba, ya nuna masa benci. Wata uku yana zuwa tun buɗe shago har rufewa, yana taya ƙirga katan, ba kwamfuta ba komai.

A nan ya lura da rigimar da ake yi a waya kusan kowace safiya. Kwastoma yana Gashuwa ko Mubi, ya turo saƙon murya ya lissafo kaya, ya yi taransifa. Yaran shago su haɗa, 'yan dako su loda a kura su kai inda motoci ke lodi, ɗan kamasho ya karɓa, a ba direba da 'yar takarda. Bayan kwana biyu ko uku waya ta yi ƙara: katan arba'in na biya, talatin da takwas suka iso. Wa ya ci biyu? Direba ya rantse haka aka ba shi, yaro ya rantse ya ƙirga. Yawanci Alhaji ke cikawa don kada hulɗa ta ɓaci, zargi kuma ya kwana a kan yaron shago, wani lokaci har ya jawo masa kora.

Abin da ya haɗa don wannan ko manhaja ba za a kira shi ba, domin a kan WhatsApp yake tafiya, babu abin saukewa. A bakin mota yaro ya ɗauki hoton kayan da lambar motar, ya faɗi adadi da murya, direba ma ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓi katan kaza. Nan take shaida mai lamba ta tafi wa mai shago da direba da mai kaya, kwafi kuma ya zauna a ajiye. Ana biyan kuɗi a kan kowane lodi tun ranar farko, abin da bai kai ladan ɗan dako ɗaya ba. Ba a yi biki ba, ba a biya kowa kamasho ba.

Yaran shago ne suka fara riƙe shi da hannu biyu, sai direbobi, kuma direbobin ne suka kai labarinsa wasu shaguna, suna cewa a yi musu irin na gidan Alhaji. Dalilin a fili yake. Manhajar farko tana tona asirin mutum, wannan kuwa wanke shi take yi. Duk wanda ke cikin harkar yana da abin da zai tsira da shi idan an rubuta. Da aka buɗe iyakar Nijar a Maris 2024, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutanen Maraɗi da Damagaram suka dawo, su kuwa tafiyarsu ta fi nisa, hannuwan da kaya ke bi sun fi yawa, sun fi kowa son shaidar.

A shekarar Alhaji ya shigo da kuɗinsa, wannan karon musharaka, watau haɗin jari, yana da kasonsa, da sharaɗinsa na da: Sha'aban a zauna a ƙirga.

Ina da ƙorafi a kan attajiranmu, kuma na faɗa wa Alhaji a gabansa. Kuɗin Kano yana tafiya filaye da filaza da gidajen mai, abin da ido ke gani hannu ya taɓa. Yaro ya zo da abin da ba ya shiga sito, sai a rasa yadda za a yi masa kuɗi, a bar shi ya tafi Legas neman wanda zai saurare shi, ya dawo da sharuɗɗan da aka yanka don wata kasuwa. Da tayin Alhaji na farko ya kai ko rabin na Legas, da ban ba da shawarar da na bayar ba. Su ma matasan namu suna da nasu: sun iya tsara bayani da Turanci don baƙo, amma kaɗan ne cikinsu za su iya amsa tambayar "me za mu ƙirga" a gaban ɗan kasuwa.

Ƙullin da bai warware ba

Takardar SAFE tana nan da ranta. Kamfanin Delaware shi ke da sunan da duk abin da aka rubuta na manhaja, takardar kuma ba ta rikiɗewa sai an samu babban mai jari ko an sayar, biyun kuwa babu wanda ke kan hanya. Wani ya ba da shawarar a buɗe sabon kamfani a nan gida a kwashe aikin a bar musu kwanko. Lauya ya ce akwai haɗari, ɗan nawa kuma bai ma bari an kai ga lauya ba. "Kawu, kuɗin mutane na ci," in ji shi.

Muka rubuta musu muna neman a mayar da takardar hannun jari na yau da kullum su riƙa karɓar rabon riba, ko a biya su uwar kuɗinsu sannu a hankali. Amsarsu ta zo cikin mutunci. Sun ce tsarin asusunsu bai tanadi karɓar 'yar ribar naira duk shekara ba, suka kuma tambaya ko za a iya kai abin Anaca da Aba da Legas a sake fita neman jari. Tambayar ba ta banza ba ce, domin katan yana ɓata a hanyar Anaca kamar yadda yake ɓata a hanyar Mubi, kuma na ga idon yaron ya yi haske da ya karanta. Ra'ayina da na gaya masa shi ne a gama Singa tukuna, a shiga Dawanau inda buhunan hatsi ke tafiya har ƙetare, a ga ko abin zai tsaya da ƙafarsa a inda ba a san Alhaji ba. Mun sake rubuta musu da wannan.

A Sha'aban ɗin da ya wuce muka zauna a bakin siton nan, ni da littafina. Bayan an cire albashin mutum shida da kuɗin ajiyar bayanai da na Delaware, riba ta fito, karo na farko tun da aka kafa kamfanin. Ba ta da yawa. Na fara rabawa, kason Alhaji, na ɗan nawa, na abokinsa, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Malam, ina na mutanen Legas?"

Na ce ai ba su amsa wasiƙa ta biyu ba tukuna, kuma a takarda ba su da kaso a ribar shekara.

"A ware musu a ajiye. Da kuɗinsu yaron nan ya yi karatun da muke cin moriyarsa."

Na buɗe sabon shafi na rubuta "na Legas" a sama, na sa adadin a ƙasa.